Gasar da Ta Raba Ni da Ruwa

A ƙarshen shekarun 1990 ni ɗalibi ne a wata jami'a a Guangzhou, saurayi ɗan Sarkawa daga bakin kogin Kwara, wanda ya iya iyo kafin ya iya karatu. Ruwa ne gadon gidanmu, kuma shi ne abu ɗaya da ban taɓa jin tsoronsa ba.

Wani malami na ofishin ɗalibai baƙi ya gan ni a wurin iyo na makaranta, ya aika aka kira ni. Ya ce abokinsa, mai masana'antar kekuna, yana shirya gasa mai zango uku: a yi dogon iyo, a fito a hau keke, a sauka a ƙarasa da gudu, duk a yini ɗaya. Suna neman baƙo ko da guda ne, don a kira ta gasar ƙasa da ƙasa. Bai tambaye ni ko ina so ba, murna kawai ya taya ni. Ta teburinsa takardun zamana suke bi kowace shekara, don haka na yi godiya na fito.

Na fara shiri ban san abin da nake shirya wa ba. Keken da aka ba ni mai nauyi ne, sirdinsa ya yi mini ƙasa. Da na nemi wani, amsar ita ce meyo, wato babu. Duk wanda na tambaya nisan gudun, nasa lissafin daban. An ɗage ranar, an sake ɗagewa. Amma abin da ya fi damuna shi ne ruwan. Mu a gida ba ma shiga baƙon ruwa sai mun zauna a bakinsa mun kalle shi, mun tambayi masu shi inda yake ja da inda yake kwance. Na roƙi mai kekunan, wanda kowa ke kira lawban, wato maigida, ya nuna mini wurin. Yau ya ce madatsar ruwa ce, gobe ya ce tafki, jibi ya ce ba a ba da izini ba tukuna. Kullum sai ya dafa kafaɗata ya ce mu 'yan Afirka ƙarfi gare mu, kada in damu.

Akwai wani Alhaji Bakano da nake yi wa tafinta a kasuwar tufafi ta Shahe. Da na ba shi labari ya yi dariya har da hawaye. Ya kira ni ɗan Sarkin Ruwa, ya ce yaya mutum da hankalinsa zai yi iyo, ya hau keke, ya zura da gudu, alhali ba wanda ya biyo shi. Daga baya ya daina dariyar, ya ce da ni a matsayin ƙanensa, idan ban ga ruwan da idona ba, in ce cikina ke ciwo. Na ce ai har an buga hotona a allon talla. Ya ce to hoton ya je ya yi iyon.

Sau ɗaya na gwada janyewa. Malamin ya zuba mini shayi, sannan ya ce zai ji kunyar abokinsa ƙwarai, ya kuma tambaye ni yaushe ne ma takarduna za su ƙare. Na shanye shayin na koma kan keke.

Ranar gasar mota ta kai mu can gaba da Huangpu, inda ake loda kwantenoni. Kogi ne mai faɗi, ruwansa ja. Na dube shi da kyau, na ga yana gangarawa inda za mu nufa, hankalina ya ɗan kwanta. Sai aka tsayar da mu a rana ana jiran wani babban mutum da zai yi jawabi, bai zo ba sai bayan azahar. Ni dai na san kogi hanya ɗaya yake bi, Kwara ba ta taɓa komawa baya ba. Ba wanda ya faɗa mini cewa teku na kusa, kuma idan ta cika sai ta turo ruwan kogin ya koma sama. Kwalekwalen ceto guda ɗaya ne, shi ma mai ɗaukar hoto ya tafi da shi. Ina iyo ina kallon wani injin ɗaga kaya a gaɓa, na ga ba na wuce shi, can kuma na ga shi ne yake nisa da ni. Ƙafafuna suka ɗaure, na sha ruwa, na yi kalmar shahada. Ma'aikatan wani jirgin yashi ne suka miƙo mini sanda suka jawo ni, na kwanta a kan jiƙaƙƙen yashi ina amai.

Tun daga ranar ban sake shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Da na koma gida 'yan'uwana suka ce boko ya lalata ni, na bar su a haka. Mahaifina ya dube ni sau ɗaya a bakin kogi, bai tambaye ni komai ba har ya rasu.

Abin da na koya shi ne, mai shirya taro ba shi ne zai shiga ruwan ba, kuma jin nauyin manya ba ya ceton wanda ke nutsewa. Ina kira ga matasanmu da ke karatu a ƙasashen waje: duk wanda ya ƙi nuna muku inda zai jefa ku, ku ce a'a tun ƙafarku tana kan tudu, kome zai biyo baya. Yau ƙanena ne yake koya wa 'ya'yana iyo, ni kuwa ina tsaye a gaɓa riƙe da rigunansu.