Baba Mai Kwali da Mota ta Huɗu

Shekara goma sha huɗu ke nan ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa yi masa a gida ba. Kafin mai gadi ya janye ƙofar filin sayar da tsofaffin motoci, yana zaune kan wata tsohuwar taya a gefen titi, kwalin firiji a naɗe a hammata, tocila a aljihun hagu, mayen ƙarfe ƙunshe cikin hankici a aljihun dama. Kayan aikinsa ke nan kaf. Masu saye suna ce masa Baba Mai Kwali. Dillalai kuwa Ɓata-Ciniki suke kiransa, kuma a gaban idonsa.

Aikinsa raka mai ƙaramin ƙarfi ya zaɓi motar iyali. Mai hali ba ya buƙatarsa, sabuwa zai saya a leda. Mu ne mutanensa, mu da muka shekara huɗu muna tsuke aljihu, muka zo da ɗan abin da in ya tafi ba zai sake taruwa ba.

Ba ya duba mota sai da sassafe. Zai ɗora tafin hannunsa kan murfin inji, in ya ji ɗumi sai ya naɗe kwalinsa ya ce a haɗu gobe, wai injin da aka ɗumama kafin zuwan mai saye akwai abin da ake ɓoye masa. Sannan ya shiga tambaya kamar mai binciken aure. Ku nawa ne? Akwai tsohuwa mai ciwon gwiwa? Layinku yana riƙe ruwa? Bakaniken unguwarku ya san irinta? Daga nan ya bi jikin motar da mayen ƙarfen, taku bayan taku. Inda ya manne, ƙarfe ne. Inda ya suɓuce ya faɗi, an cike raunin haɗari ne aka shafe da fenti. A ƙarshe ya shimfiɗa kwalin ya shige ƙarƙashi, ba a ganin komai sai sawayensa da ƙoɗaɗɗen takalmi.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ba ni labarin yadda ta nace wa wata jar mota mai ƙamshin turare. Baba bai yi musu da ita ba. Bel ɗin kujera kawai ya ja har ƙarshensa, ya nuna mata busasshen taɓo a jiki. Ambaliya ta taɓa shanye motar har wuya. Wani tela kuma, maƙwabcina, ya je da burin ƙatuwar mota mai shan mai kamar rijiya, Baba ya dawo da shi gida da wata mummuna wadda ɗaya daga ƙofofinta kalarta daban. Telan ya ce matarsa ta yi wata guda ba ta yarda a sauke ta a ƙofar gidan biki. Yau shekara takwas, ko sau ɗaya motar ba ta kwana a titi ba.

Dillalai sun gwada shi ta kowace hanya. Sun ce za su riƙa ba shi kasonsa in zai riƙa kawar da kai, ya ce ba ya so. Sun zuba baƙin mai kan tayar da yake zama, ya juya ta ya zauna a ɗaya gefen.

Baba, kai ne wanda ka kwanta a ƙasa, cikin mai da ƙura, don 'ya'yan wasu su zauna kan kujera lafiya. Kai ne ka sha zagi a madadinmu, mu muka tafi da mukulli, kai ka tafi da ciwon baya.

Amma da wannan ne kaɗai, da ban ɗauki alƙalami ba. Akwai ranar da ta tsaya mini a rai.

Shekara uku da suka wuce na je filin da mai ɗakina da yaranmu huɗu. Ni malamin makaranta ne. Mahaifiyata tana zuwa asibiti sau biyu a mako, kuma ta taɓa faɗowa daga kan babur ɗin haya, tun daga ranar na rantse sai na sayi mota ko da ta tura ce. Muna shiga muka gan ta, shuɗiya, kujera bakwai, tana ƙyalli, kuɗinta daidai abin da ke hannuna kamar an auna. Kafin in yi magana yara sun shige sun raba kujeru, 'yar autarmu ta ce ta bakin taga tata ce har ta girma. Mai ɗakina kuwa na ga yadda take shafa kujerar gaba.

Baba ya taɓa murfin inji, sanyi ƙalau. Ya buɗe ƙofar baya ta hagu, ya tura, ta ƙi rufuwa sai da ya ɗan ɗaga ta. A nan na ga hannunsa ya tsaya. Bai ko ciro mayen ƙarfen ba, ya shimfiɗa kwali ya shige. Ya daɗe har dillalin motar ya fara tsaki.

Da ya fito bai kakkaɓe rigarsa ba. Ya ce, “Malam, fito da yaran nan.”

Na ce, “Lafiya, Baba?”

“Fito da su tukuna.”

Ya ɗage dardumar da ke ƙarƙashin kujerar tsakiya. Ga layin walda nan, daga wannan ƙofa zuwa waccan, an shafe shi da kwalta. Ya ce, “Wannan mota biyu ce. Gaban wata, bayan wata. Ranar da ta daki wani abu da gudu, a nan za ta rabe, kuma 'ya'yanka a baya suke.”

Dillalin ya ce, “To, Ɓata-Ciniki ya fara. Yallaɓai, motar nan ta fi shekara goma tana yawo, ta rabe ne?”

Ba zan ɓoye ba, a lokacin na fi son maganar dillalin. Raina ya ɓaci, na ce, “Baba, kai ta yaya ka tabbatar har haka?”

Ya dube ni ya ce, “Ni na ɗinke ta, ɗana.”

A kan tayarsa ya ba ni sauran labarin, mai ɗakina tana tsaye ta riƙe hannun auta. Ashe da can mai walda ne, irin wanda ake layi a garejinsa. Wani ɗan kasuwa ya riƙa kawo masa motocin da suka yi haɗari, ya yanke lafiyayyen gaba ya haɗa da lafiyayyen baya. Guda huɗu ya haɗa, yana alfahari babu wanda zai gane ɗinkin. Ta farko ta daki bayan wata babbar mota a kan babban titi, ba ma da wani mugun gudu ba. Direban ya fita da ƙafarsa. Matarsa da 'ya'yansa biyu da ke baya ba su fita ba. Masu jan mota kuma, da yake ba su san komai ba, sai suka kawo ɓarin bayan motar har garejinsa ko zai sayi ƙarfen. Ya ce da ya leƙa ya ga takalmin yaro ƙafa ɗaya a ƙarƙashin kujera.

Ya sayar da injin walda da garejin, ya bi sawun ta biyu da ta uku, ya karɓe su daga hannun masu su, ya tsaya a gabansa aka yayyanka su. Ta huɗu ta ɓace, an sayar, an sake sayarwa, an canza mata fenti. Sai ya ce wa kansa duk tsohuwar mota, komai yawonta, wata rana sai ta dawo filin nan. Ya samo kwali ya zo ya zauna. Shekara goma sha ɗaya yana shiga ƙarƙashin motocin mutane yana neman ɗinkin hannunsa.

Na ga tsohon nan ya durƙusa a gaban dillalin da bai kai sa'ar ɗansa ba. Ya ce, “Ka yi wa Allah ka ba ni mako ɗaya in nemo abin da zan ba ka, a yanka ta. Kada ka sa iyalin kowa a ciki.” Dillalin ya ce ya ji, ya tashi don Allah mutane na kallo.

Kwana uku aka yi. Da safiyar na huɗu wurin da take ajiye babu komai sai ɗigon mai. Mai gadi ya ce da yamma wani baƙo ya zo daga nesa da matarsa da yara, ya biya ya tafi. Ba a rubuta lambarsa ba.

Nan ne nawa laifin. A kwana ukun nan ina gida ina fushi an hana ni mota mai kyau. Ban je na tsaya tare da shi a bakin ƙofa ba, ban kai ƙara ko'ina ba, ban ko tara abokan aikina mun taimaka masa da abin da ya samu ba. Ya cire 'ya'yana daga cikinta, ni kuma na bari aka zuba na wani. Abin yana cina har yau, kuma Baba bai taɓa yi mini gorinsa ba.

Bayan mako biyu ya zaɓar mana wata ƙarama ruwan toka, kujera biyar, fentin rufinta ya ƙone. Muna matsuwa a ciki, yara suna rigima kan wurin sa gwiwa. Ita ta riƙa kai mahaifiyata asibiti har ranar da Allah ya karɓi abarsa, kuma ita nake hawa yanzu.

A watan jiya Baba ya shiga ƙarƙashin wata mota ya kasa fitowa. Baya ya riƙe, sai da mutum biyu suka jawo shi a kan kwalin. Idon dama kuma yanar ido ta rufe shi, na hagu yana bin sawu. 'Yarsa ta zo ta ɗauke tocilar da mayen ƙarfen ta kulle a akwati, ta ce ya isa haka. Babu wanda ya yi masa taron sallama. Dillalai ma, na ji an ce, har tayar sun ɗauke.

Na same shi a ƙofar gidan 'yar tasa, kan kujerar roba, ya fuskanci titi. Muna gaisawa wata mota ta wuce, ya katse ni ya ce wa jikarsa, “Uwata, wace kala ce waccan?” Ta ce fara ce. Ya ce to. Ta ce mini haka yake yi tun safe har rana ta faɗi.

Na ce, “Baba, ina so in rubuta wani abu a kanka, mutane su san abin da ka yi.”

Ya ce, “Wanne daga ciki?”

“Na alherin.”

Ya ce, “Yabo me zai yi mini yanzu, Malam? In mutane da yawa za su karanta, rubuta duka, har takalmin. Kuma ka sa maganar ƙofar.”

Baba, ga shi na rubuta duka. Na gode, a madadin ma'aikaciyar jinya da tela da ni da ɗaruruwan da ba su san dalilin da ya kwantar da kai ƙarƙashin motocinsu ba. Mutane da yawa sun yi ɓarna da hannunsu sun wanke sun ci gaba da harkokinsu, kai ka kwashe sauran ƙarfinka kana bin taka. Allah ya yafe maka na baya, ya karɓi wannan. Masu walda da bakanikai da dillalai, ga wanda za ku duba. Mu masu saye kuma, kada ƙyalli da arha su hana mu ɗage darduma.

Saura kai da ban sani ba, mai shuɗiyar mota kujera bakwai, ko da yake wataƙila ka canza mata kala. In ƙofarka ta baya ta hagu ba ta rufuwa sai an ɗan ɗaga ta, kada ka jira gobe. Ka ɗage dardumar ƙarƙashin kujerar tsakiya ka duba. In ka ga layin walda daga ƙofa zuwa ƙofa, ka fito da yaran. Sannan ka aiko mini da saƙo, don in je in gaya wa wani tsoho ya shiga da kujerarsa cikin gida.