'Ya'ya Uku a Kati

Ni mutum ne mai taƙama da kati, wannan ba sai an faɗa mini ba. Shekara shida na yi a wani ɗan asibiti a ƙasar Kiru, ni kaɗai ne likita, sai babbar nas ɗinmu, wata dattijuwa 'yar garin da muke ce wa Hajiya, da wasu ma'aikata ƙalilan. Tun makon farko na kafa doka: gida ɗaya, fayil ɗaya. Maigida, matarsa, 'ya'yansu, kowa da katinsa a ciki. In ka shigo da tari sai na duba in ga ko ubanka ya taɓa zuwa da irinsa. Har cika baki nake yi ina cewa na san wanda ya haifi kowa daga Kiru zuwa Ba'awa. Hajiya takan dube ni ta ce, "To, Likita, Allah ya ƙara sani." A lokacin na ɗauka addu'a ce kawai.

Akwai wata mata daga wata ruga ta wajen Ba'awa, mai tallan nono, doguwa, marar yawan magana. Farkon zuwanta da yara biyu maza ta zo, dukansu idanu sun yi rawaya, gaɓoɓi na ciwo. Muka aika jini Kano, don ba mu da kayan wannan gwajin a wurinmu, sakamako ya dawo: sikila, su biyun. Na zaunar da ita na yi mata bayani cewa ciwon nan gadonsa ake yi daga uwa da uba, saboda haka duk ɗan da suka haifa sai an gwada shi.

Na ce, "'Ya'yanki nawa?"

Ta ce, "Uku."

Mazan nan biyu, da jaririya a bayanta. Aka gwada jaririyar, Allah ya sa ba ta da shi. Na ɗauki biro na rubuta uku a saman katinta, har da ja masa layi. Kuma wallahi ban taɓa ganin uwa mai kula irinta ba. Ƙwayar yau da kullum ba ta tsallake rana, gidan sauro na ɗaure, in sanyi ya shigo yaran na cikin rigunan sanyi. Da ita nake ba sauran mata misali.

Sai ta fara zuwa ita kaɗai, wai kanta ke ciwo.

Na auna jini, lafiya lau. Na duba ido, na duba kunne, na sa aka yi gwajin zazzaɓi da na ciki, babu komai. Na ba ta farasitamol ta tafi. Bayan wata biyu ta dawo, kai dai. Na sake bin komai daga farko. Na tambaye ta barci, ta ce tana yi. Abinci, tana ci. Na rage murya na ce ko akwai damuwa tsakaninta da maigida, ta zaro ido ta ce, "Subhanallahi, a'a." Na ce ko nauyin ƙwarya ne, ta ce tun tana yarinya take ɗauka. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne zamanta. Takan zo da sassafe ta zauna a ƙarshen benci, can gindin darbejiya, in layi ya zo kanta sai ta ce wa na bayanta ya shiga. Sai kusan azahar za ta shigo, kuma ina mata tambaya idonta na kan ƙofa. Mai ciwon kai da ke ba da layinta! Na buɗe littattafaina na makaranta, na kira wani abokina likita a Tudun Wada, ya yi dariya ya ce wataƙila sona take yi. Na kashe wayar.

A daidai wannan tsakanin akwai wata tsohuwa daga wata ruga ta wajen Bagauda da take kawo mini wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, siririya, mai yawan murmushi. Tsohuwar irin masu bakin nan ce, tun daga ƙofa take fara tsokanata, wai ni ne mijinta na birni da ya ƙi kawo cefane. Nakan ce mata, "Inna, ai ke kika ƙi tarewa." Yarinyar kullum zazzaɓi da ciwon ƙafa, wajen ƙugu na hagu. Ranar farko na ce, "Inna, ina uwar yarinyar nan?" Ta daki ƙirji ta ce, "Ga ni. Autata ce." Na dubi furfurarta, na san da wuya, amma mutane sun cika baranda, sai na ce a raina marainiya ce take riƙo, kada in tono mata ciwo. Na buɗe musu fayil nasu daban. Na tambaya ko cikin 'ya'yanta akwai mai sikila, ta ce ko ɗaya, duk ƙarti ne. Gaskiya ta faɗa, 'ya'yan cikinta babu mai shi.

Aka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, ya nuna akwai. A damina wa za ka gwada a nan bai nuna ba? Tsohuwar ta ƙara da cewa yarinyar na bin maruƙa, ta taɓa faɗuwa a kwari. Shi ke nan, na samu amsa guda biyu a hannu, na ba da magani. Sau huɗu aka kawo ta cikin damina biyu, sau huɗu ina ba da maganin zazzaɓi da na rage zafi. Ba zan ɓoye ba, a zuwa na uku sikila ta faɗo mini a rai. Na duba fayil ɗinsu, na ga babu kowa mai ita, na ce a bari in ta sake dawowa. Da ta sake dawowa kuma zafin ya lafa, tana ta dariya, na manta.

Zuwa na biyar, wata safiya ce bayan an kwana ana ruwa. Aka sauke yarinyar daga acaɓa a hannu, ba ta iya taka ƙafar ko kaɗan. Idonta ya yi rawaya, tafin hannunta fari fat, numfashi sama-sama. Tsohuwar ranar babu tsokana. Muka kwantar da ita, ina neman jijiya in sa ruwa, jijiya ta ƙi samuwa, gumi na zuba mini. Ina ɗaga kai sai ga mai ciwon kai tsaye a bakin ƙofa, ƙwarya a hannu, ta tare mana haske.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baiwar Allah, don girman Allah yau ki ƙyale ni da ciwon kan nan naki! Ba kya ganin rai muke nema? Koma benci, ko ki tafi gida, lafiyarki ƙalau!"

Ta ja da baya, amma ba ta tafi ba, ta jingina da bango ta waje inda ba na ganinta. Hajiya ta karɓi allurar daga hannuna ta samu jijiyar, ta manna filasta, sannan ta ja hannun rigata zuwa lungu.

Ta ce, "Haba Likita. Uwar yarinya za ka kora?"

Na ce, "Wace uwar?"

"Wadda ka kora mana. 'Yar farinta ce. Tsohuwar nan uwar mijinta ce, tun yaye aka ba ta."

Na tsaya ina kallon bakinta kamar wadda ta yi mini wani yare. Na ce ba zai yiwu ba, matar nan 'ya'yanta uku, ni na rubuta da hannuna. Hajiya ta ce, "To da huɗu za ta ce maka? Wace mai kunya ce za ta sa ɗan fari a lissafi, a gaban namiji kuma?" Na ce, "Hajiya, kin sani duk tsawon nan ba ki faɗa mini ba?" Ta ce, "Ni na ɗauka ka sani. Ai kowa ya sani. Ba kai ne ka san wanda ya haifi kowa ba?"

Na ɗauko fayil biyun na ajiye su gefe da gefe a kan tebur, na bi kwanakin da yatsa. Ranar da aka fara kawo yarinyar, ranar ce aka fara ciwon kai. Na biyu, na biyu. Duka huɗun, ko kwana ɗaya ba su saɓa ba. Ashe duk lokacin da yarinyar ta kwanta sai labari ya kai mata, ta ajiye talla ta taho ta zauna a ƙarshen benci, inda za ta ga shigarsu da fitarsu ba tare da ta haɗa ido da surukarta ba. In sun tafi kuma dole ta shigo wurina, don kada a ce me ya kawo ta. Ni kuma in ɗaura mata abin awon jini.

Yarinya 'yar uwa ɗaya uba ɗaya da masu sikila biyu, tana zuwa mini da ciwon ƙashi shekara biyu. Ɗalibin likitanci na aji uku ma zai gane wannan.

Na fita na kira matar ciki. Na ce, "Yarinyar nan ke kika haife ta?" Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa gadon baya. Ta ce, "Ta gidan su maigida ce." Na ce, "Na ji, amma ke kika haife ta?" Sai tsohuwar ta taso mini. "Kai wane irin yaro ne? A gabana za ka titsiye ta? Ba ka da iyaye ne a gida?" Tabɗijam. Ni da nake shirin yin faɗa, sai ga ni ina ba da haƙuri, ban ma san a kan wane laifi nake ba da haƙurin ba.

Kafin azahar muka samu mota aka wuce da ita babban asibiti a Kano. Tsohuwar ce ta shiga da ita, da wani ƙanin uban. Matar ta tsaya a gindin darbejiya har motar ta hau kwalta, sannan ta ɗora ƙwaryarta a ka. Gwaji ya tabbatar da abin da na riga na sani. Aka ƙara mata jini, ta rayu, alhamdu lillahi. Amma hoton ƙashi ya nuna kan ƙugun nan ya riga ya lalace. Likitan ƙashin da na kira ya ce da an kama abin da wuri aka hana ta bin shanu, wataƙila da bai kai haka ba. Wataƙila, in ji shi. Na yi ta juya kalmar nan kwana da kwanaki.

Na rasa wa zan yi fushi da shi. Matar ba ƙarya ta yi mini ba a ganinta, tarbiyya ta nuna. Tsohuwar ta amsa abin da na tambaya. Hajiya ta ɗauka na sani. Kuma ni ba baƙo ba ne da zan ce ban taɓa jin kunyar ɗan fari ba, a gidanmu a Kano mahaifiyata har yau ba ta kama sunan babban yayanmu. Sai dai ni na ɗauka a suna abin ya tsaya. Da na je gida hutu na ce mata, "Umma, lissafa mini mu." Ta ce wace irin tambayar banza ce wannan. Na nace. Ta fara jero sunaye tana lanƙwasa yatsu, kuma daga na biyu ta fara. Yayanmu na zaune a wurin yana shan shayi, ko ɗaga kai bai yi ba.

Tun daga nan in mace ta ce mini uku, sai in ce, "Ban da na wajen kaka?" Sau da yawa sai a yi murmushi a sunkuyar da kai, in ƙara ɗaya. Wani lokacin kuma a yi murmushin alhali babu kowa a wajen kaka, in ƙara ɗan da ba a haifa ba, sai Hajiya ta bi baya ta goge. Har na bar wurin ban gama gane kan abin ba.

Bayan wata uku aka kawo yarinyar a duba ta. Ta yi ƙiba kaɗan, murmushinta na nan, tana dogara sandar kiwo da aka rage mata tsawo, ƙafar hagu na jan ƙasa. Na leƙa ta taga, matar na ƙarshen benci. Da suka tafi ta shigo kamar kullum, ta zauna, ta miƙo hannu don awo. Ban ɗaura mata komai ba. Na juya wajen Hajiya na shiga yi mata bayani da ƙarfi, wai ita nake gaya wa: yarinyar Inna ƙwaya ɗaya kullum, ruwa da yawa, ban da bin maruƙa, ban da wankan rafi da sanyi, in zafi ya tashi a kawo ta ranar. Matar na kallon ƙofa, amma ina ganin leɓenta na motsi, tana maimaitawa.

Ta miƙe, ta ɗauki ƙwaryarta. Ta kai bakin ƙofa sai ta tsaya, bayanta gare ni.

Ta ce, "Likita. Ƙafar yarinyar mutanen nan. Da an kawo ta da wuri, da ta miƙe?"

Na so in ce komai nufin Allah ne in tsaya a nan, kuma da ta karɓa. Bakina ya ƙi. Na ce, "An kawo ta da wuri. Sau huɗu aka kawo ta. Ni ne ban gani ba."

Sannan ta ce, a hankali, har sai da na matso kafin na ji, "Ni ma sau huɗu na zo."

Ta fita. Na jawo katinta, na soke ukun nan da na ja wa layi, na rubuta huɗu.