Ganiyyu Dubagari da Ƙwan Atemiya

Shekara talatin da ɗaya Malam Abdulganiyyu ya yi yana aikin dubagari a ƙaramar hukumar Shagari, kuma a tsawon shekarun nan babu randar da ta ji daɗinsa. Mutumin Bodinga ne, dogo, siriri, da biro uku a aljihun gaba, biyu daga ciki ba sa rubutu. In ya shiga gida, kafin ya amsa gaisuwa ya riga ya leƙa randa. Tsutsa ɗaya zai gani ya kifar da ruwan da mace ta wuni tana ɗebowa, sannan ya tsaya yi mata bayanin sauro da Turanci. Ranar da ya yi ritaya, an ce har a Horo Birni sai da mata suka dafa shinkafa.

Wata uku ya yi a gida yana duba tukwanen matarsa Dije, har ta fara roƙon Allah ya kawo masa abin yi. Aka yi dace aka kira taron koyon kiwon tarwaɗa na kwana uku a Sakkwato. Ya dawo da takardar shaida, da famfon hura iska, da wani gwangwani da ya rungumo kamar jinjiri.

Dije ta buɗe, ta ga gari mai ƙasa-ƙasa, ta shinshina.

"Malam, mi na na wanga? Yaji ne ya lalace?"

"Atemiya ke nan," in ji shi. "Rufe, kada numfashinki ya shiga."

Ƙwan wata 'yar halitta ce, dangin jatan lande, da ke rayuwa a tafkunan gishiri na ƙasashen waje. Ƙwan yakan yi shekaru a bushe, bai mutu ba, bai farka ba. Amma a zuba shi a ruwan gishiri, a hura masa iska, a ba shi haske, kwana ɗaya sai ka ga jajayen ɗigo-ɗigo suna ta ninƙaya. Su ne abincin farko na 'ya'yan tarwaɗa, waɗanda bakinsu bai kai ya ɗauki komai ba, kuma ba sa kula abin da ba ya motsi.

Haka tsohon dubagari ya jera robobi a zaurensa, yana renon abin da duk mai ido zai kira tsutsa a ruwa. Matan da ya taɓa kifar wa randa suka riƙa zuwa gaida Dije, ba don komai ba sai don su leƙa.

A majalisar bakin kasuwa kuwa ba a ƙara jin wata magana ba. Ya gaya musu atemiya a rigingine take iyo, namiji kuma in ya kama mace sai su yi kwanaki suna yawo a manne. Aka yi dariya. Da ya ƙara da cewa akwai wani iri da matan ke haihuwa ba tare da namiji ba, sai dariyar ta tsaya. Wani dattijo ya ɗauki buzunsa ya ce, "Ganiyyu, wagga magana ta tsaya nan. Kada ka bari ta kai cikin gida."

Karon farko ya juye robar gaba ɗaya, da ruwan gishirin da ɓawon ƙwan, cikin kwamin 'ya'yan kifi. Kafin la'asar duk sun juya ciki sama. Ya ce laifin rijiya ne. Karo na biyu ya ce laifin famfo ne. Dije ce ta kalli zanen da ke jikin gwangwanin, ta kashe iskar, ta jira ɓawon ya taso sama, ta zuƙo jajayen daga ƙasa, ta tace a tsohon ɗankwalinta, ta ɗauraye. Kifi suka rayu. Washegari ya sanar da majalisa cewa bincikensa ya yi nasara.

Da ya tsaya nan, da lafiya lau. Amma ya karanta cewa mace ɗaya kan haifi ɗari uku duk kwana huɗu, sai ya zaro biron da ke rubutu. Lissafi ya nuna masa cewa kafin damina zai ciyar da kifin Arewa duka, a daina shigo da gwangwani daga waje. Ya gina babban kwami a gonarsa ta hanyar Lambara, ya loda masa buhunan gishiri, ya kewaye da zana, ya saki atemiya a ciki, ya riƙa zuba musu dusar shinkafa.

Abin mamaki, suka girma, suka yi ta haihuwa. Sai dai 'ya'ya masu rai suke zubowa, babu ƙwai ko ɗaya. Ya koma ga takardunsa ya gano dalili: muddin atemiya tana cikin jin daɗi, ba ta yin ƙwai mai ɓawo. Sai gishiri ya yi mata yawa, iska ta yi ƙaranci, ta ga alamar ƙarewa, sannan take rufe 'ya'yanta a ɓawo don wata rana.

"Ashe sai an ƙuntata musu," ya ce wa Dije, fuskarsa a sake.

"To ai an zo fanninka," in ji ta.

Ya ninka gishiri. Ruwa ya yi kauri, bangon kwami ya yi fari fat, har ya fara ganin wani siririn layin ƙwai mai ƙasa-ƙasa a gefe. Abin da bai shiga lissafi ba shi ne shanun Shaihu, makiyayin da ke bi ta wurin kullum. Rani ne, rabon dabbobin da lasar gishiri an daɗe. Wata ranar kasuwa da rana tsaka suka ture zana, suka lashe bango, suka kafa kai. Abin da suka bari, belbelu suka tsince.

Aka je gaban mai gari, kowa na ƙarar kowa.

"Ranka shi daɗe," in ji Shaihu, "shanuna ruwa sunka gani sunka sha. Yau kwana biyu zawo sukai. Wa ka zuba gishiri a daji ya ce dabba ta wuce?"

Malam Abdulganiyyu ya miƙe ya fara daga tafkunan ƙasashen waje. Ya kai rabin sa'a kafin mai gari ya ɗaga hannu.

"Wanga abu, ana cin shi?"

"A'a, ranka shi daɗe, kifi ka ci."

"Ina abin da ka samu?"

Ya ciro kwalin ashana ya buɗe. Ƙwan da ke ciki bai kai rabin cokalin shayi ba. Mai gari ya leƙa, ya daɗe yana kallo, ya ce a rufe kada iska ta kwashe dukiya. Ya yanke cewa Shaihu ya gyara zana, Ganiyyu ya cike ramin. Har yau ko ciyawa ba ta fita a wurin.

Yanzu shi da Dije suna ƙyanƙyasar tarwaɗa a bayan gida, masu kiwo na zuwa daga Shagari da Yabo suna saye. Gwangwanin atemiya daga Sakkwato ake kawo shi kamar kullum. In baƙo ya zo, Malam yakan tare shi a zaure ya yi masa bayani, baƙon ya yi ta gyaɗa kai yana satar kallon ƙofa, har Dije ta gama ƙirga kifin ta miƙo jarka.