Tafiya Argungu Kan Ciwon Cikin Inna

Fitowa daga Birnin Kebbi

Na bar masaukina na Badariya bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. A lokacin jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba, ni ma ban daɗe da kama aiki ba. Ƙanwata Hadiza ce ta aiko mini cewa mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta rame ƙwarai. Ta jima tana fama da ciwon ciki, amma ramar ta soma ne bayan wani mai gwaji ya sauka Argungu da na'urarsa, ya ɗebi jininta, ya ce jikinta ba ya son kifi da nono da gero da ƙwai da gyaɗa. Duk ta bar su.

Na sami gurbi a gaban wata tsohuwar fijo. Bayan Ambursa muka tarar da shingen 'yan sanda, aka leƙa but ɗin motar, aka sallame mu. Direban ya tambayi abin da zai kai ni, na gaya masa.

"Bakabiya 'yar Argungu ta bar kihi?" in ji shi. "Malam, wanga ba gwaji ba ne, horo ne. Mi ad da saura, ruwa?"

Fasinjoji suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Argungu

Mun isa da hantsi. Na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna na gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Ni ne ɗan farinta. Ba ta kiran sunana, ba ta doguwar magana da ni. "Wancan" take ce mini. Amma ko daga ƙofa na ga yadda wuyan hannunta ya sirance. A gefenta akwai kwanon shinkafa da mai, an zuba ɗanyar albasa har ta rufe shinkafar. Hadiza ta ce abincinta ke nan safe da yamma, domin albasa ba ta cikin abin da aka hana, kuma Kawu, ɗan'uwan Inna, yana aiko da ita daga Augie buhu-buhu.

Asibiti

Muka ɗauki Inna zuwa asibiti. Likitar da muka samu mutumiyar Filato ce mai suna Rifkatu. Na shiga tare da su don in taimaka da bayani.

"Mama, yaya cikin yake yi miki?"

"Lahiya lau," in ji Inna.

"Bayan gida fa?"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Na soma amsawa a madadinta da ɗan abin da na sani. Likitar ta dube ni, ta dubi Inna.

"Wannan ɗanki ne na fari?"

Hadiza ta ɗaga kai.

"To, Malam, akwai benci a waje. Ba za ta faɗi irin wannan magana kana tsaye ba, ko za mu kwana a nan."

Na fita. Ta bayan ƙofa ina jin muryar Inna tana tashi tana sauka, ba ta tsaya ba har aka kira azahar. Aka duba ta, aka auna jini da bayan gida.

Daga bisani likitar ta yi mini bayani a takaice. Ba ta ga alamar mugun ciwo ba. Hanjin Inna ne mai saurin motsuwa, mai kawo kumburi da murɗa, wata rana gudawa, wata rana taurin ciki. Na tambaye ta game da gwajin. Ta ce akwai mutanen da jikinsu ke ƙin wani abinci da gaske, su yi borin jini ko kumburin baki nan take, kuma gwaji yana da amfani a gare su. Amma a ciwo irin na Inna, ɗigon jini ba ya nuna abin da ke tayar da hanji. Yawanci sai a hana mutum abincin da ya saba ci, ya rame a banza.

"Ramar nan yunwa ce," in ji ta. "Ta dawo da abincin da ta bari ɗaya bayan ɗaya, a fara da kifi, ta lura da cikinta. Albasar nan kuma a ɗan ajiye ta mu gani. Ban yi alkawarin warkewa ba, amma za ta samu sauƙi."

Bakin gulbi

Da la'asar na gangara wurin masunta na sayo ragon ruwa ɗanye. Hadiza ta yi farfesu ba albasa. Inna ta ce ba za ta ci ba, tana tsoron maganar mai gwaji. Na tuna bencin asibiti, sai na tashi na koma zaure. Can Hadiza ta fito da kwano, ba kome ciki sai ƙaya.

A gida na kwana. Da safe na tambayi Hadiza, ta ce cikin bai tashi ba.

Komowa

Da na je sallama, Inna ta juya wajen Hadiza, ni kuwa ina durƙushe a gabanta.

"Hwaɗa ma wancan," ta ce, "in zai dawo ya taho da yunwa. Ni za ni dahwa kihin. Naki gishiri ya yi mai yawa."

Na sami mota a tasha, na iso Birnin Kebbi kafin azahar lafiya. Bayan 'yan makonni Hadiza ta aiko cewa gero da ƙwai sun koma kwanon Inna, nono kaɗan-kaɗan take sha, kumburin yana zuwa jefi-jefi amma ba kamar da ba. Kawu ne kaɗai ya ji haushi, don an ce ya rage aiko da albasa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina kuma gode wa likitar da ta kore ni daga ɗakinta.