Sunan Hajjo a Lasifika

Hajjo mai fura ba ta taɓa yin waƙa ba a rayuwarta, ko ta daɓe. A ruga aka haife ta, can bayan Maitumbi, a ruga ta yi aure, kuma tun gashinta na baƙi take ɗauko ƙwarya zuwa Bosso, ta zauna gindin wani mangwaro kusa da ƙofar jami'a. Mace ce mai kunya irin ta mutanen da, sunan ɗanta na fari ma bai taɓa fita daga bakinta ba. To wai irin wannan baiwar Allah ce aka wayi gari sunanta na tashi a kowace lasifika ta Minna.

Laifinta ɗaya, ta bar wasu ɗalibai biyu, Kamalu da Wisdom, suna zama a inuwarta. Su sha fura, su kama kaɗa benci suna 'yan waƙe-waƙe, ita kuwa tana kore musu ƙuda. Da suka fara shiga situdiyo sai suka raɗa wa ƙungiyarsu suna 'Ya'yan Hajjo. Ba wanda ya tambaye ta. Wa ke shawara da mai fura?

Da farko ta kau da kai, don waƙar biki suke yi. Sai ɗaukaka ta zo, kan yaran ya rabu. Kamalu ya ja nasa mutanen ya riƙe sunan, Wisdom ya ja nasa ya liƙa "na Asali" a wutsiya. Daga nan waƙa ta koma zambo. Wannan ya ce wancan ba Hajjo ta haife shi ba, a bola ta tsince shi, wancan ya mayar da abin da ba ya faɗuwa. Su ke zagin juna, amma uwar da ake ambata ita ce.

Magana ta kai kasuwar shanu. Mijinta Dabo ya dawo, ko sanda bai ajiye ba ya ce, "Ke Hajjo, yau a gaban surukina aka kunna mini 'ya'yanki. In sunan nan bai fita daga bakin 'yan iska ba kafin kasuwa ta zagayo, kin gama zuwa Bosso."

Gindin mangwaron nan kuwa shi ne gonarta, da shi ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Washegari ta rufe ƙwarya da faifai, ta sa aka kira mata su. Suka zo kowa da zugarsa, kowa da waya a hannu.

"Inna, faɗa wa duniya wane ne ɗanki na gaskiya," in ji Kamalu.

"Mama, kai ka sani, ni ne na kawo sunan," in ji Wisdom.

Hajjo ta miƙe. Matar da ba a jin muryarta sai an matso, ran nan har masu keke sai da suka tsaya.

"Ni na haife ku? Fura na sayar muku, ban sayar muku da sunana ba! Ku cire shi, marasa mutunci, ku sa na iyayenku!"

Suka sunkuyar da kai, suka ce sun tuba. Ta koma gida hankalinta kwance, ba ta san wayoyin nan ɗauka suke ba. Kafin kasuwa ta zagayo, yaran da ba sa ga maciji da juna sun shirya, sun yanko muryarta sun ɗora kan kiɗa, sun saki waƙar sulhu. Gari ya ɗauka. Allah wadaran wannan sulhu!

Dabo bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi ta je ta kwaso tabarmarta da bencinta.

Ta je ta kwaso. A keken da ta hau zuwa Maitumbi direba ya ƙure sauti, sai ga muryarta tana ihu, "Ni na haife ku?", kiɗa na amsawa. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Direban ya waiwayo yana dariya.

"Inna, kin ji tsohuwar nan? Ai ita kam ta warke, ta yi kuɗi. An ce ta ma daina sayar da fura."