Ƙanzon Kajin Inna

Yau da sassafe na leƙa akurki, sai ga kazar nan wake-wake ta ƙyanƙyashe! Ihun da na yi har maƙwabta suka leƙo ta saman danga. Ita kaɗai ta rage daga irin kajin kakata, Inna, bayan cutar da ta yi mana shara a farkon sanyin bana.

Nan take na tuna safiyar hunturu a ƙauyenmu na wajen Bici. Inna kan jiƙa ƙanzon tuwon jiya da ruwan ɗumi, ta barbaɗa dusa, ta tsoma yatsa ta ji ko zafin ya yi daidai. Tururi na tashi, ƙamshin daddawa ya cika tsakar gida. Da ta ƙwanƙwasa tukunya da muciya, sai kaji su rugo, wasu har da tashi sama.

Wata rana na ce, "Inna, ƙanzon nan fa ni ma ina so."

Ta yi dariya. "Haba mijina, kai a bargo ka kwana. Su fa?"

Da gudu na ɗora ruwa yau, na kankare tukunya, na tsoma yatsa. Allah ya lulluɓe ki da rahama, Inna. Kajinki ba su ƙare ba.