Wuƙa a Cikin Firigo

Mijina ya dawo daga Aljeriya da tari mai naci, da haƙori ɗaya a karye, da alkawarin ba zai sake bin hanyar hamada ba. A gaban mahaifiyarsa ya yi alkawarin, ina tsaye a bakin ɗaki ina ji. Inna, haka muke kiranta, ta riƙe hannunsa ta ce ya maimaita, ya maimaita. Na tashi a ƙauyen nan na kusa da Dungas, na ga maza da yawa sun rantse, gero na ƙarewa a rumbu suka ɗauki jaka. Sana'a kaɗai ce za ta zaunar da shi gida, na sani, shi ma ya sani.

Da abin da ya tara ya sayi babur mai ƙafa uku, irin mai bodi a baya. Wani mai walda a Magariya ya yi masa rumfar ƙarfe, aka jera farantan sola a samanta, aka ɗaure batir a ƙarƙashin kujera, sannan aka ɗora firigo. Firigon dogo ne, fari, murfinsa gilasai biyu masu zamewa, ka tura ɗaya ya shige ƙarƙashin ɗayan. A gefe akwai wani katako da ake jawowa waje ya zama tebur, in kwana ya kama shi a kasuwa ya shimfiɗa tabarma a kai. Ina yi masa tsiya cewa ya gina gida na biyu bai saka ni a ciki ba.

Ni ke dafa zoɓo da lamurje, in ƙulla su a leda, in ƙulla ruwa zalla na ƙanƙara. Shi kuma ya bi kasuwanni, yau Dungas, gobe Dogo-Dogo, wani lokaci har Sassumbrum in yashi ya bar shi ya wuce. Bazarar farko azumi ya faɗo cikinta. Kafin la'asar sai ka ga mutane a ƙofar gidanmu da kwanoni da tsumma, kowa na jiran nasa dunƙulen ƙanƙarar. In ɓarɓashi ya faɗi ƙasa yara su yi wawa, su goge yashin a riga su jefa baki. Inna takan naɗe tata a buhu da ƙaiƙayi, ta yi ta lallaɓa ta har bayan isha'i. A shekarar nan tarin mijina ya lafa, ya yi kumatu, ni ma na fara barci ba tare da kasa kunne ga abin da maza ke tattaunawa a bakin masallaci ba.

Tun damina na lura da wani farin abu yana kama bangon firigon daga ciki. Da farko siriri ne, ka shafa da yatsa ya goge. Da kaka ta yi ya yi kauri, ya daskare. Ba wanda ya damu. A wurinmu firigo mai yawan ƙanƙara shi ne lafiyayye, mijina har nuna wa baƙi yake yi.

Sai sanyi ya shigo. Wa zai sayi ruwan sanyi alhali da safe sai an hura kara an ji ɗumi kafin a iya alwala? Ya je kasuwa ya dawo da kayansa yadda ya tafi da su, ya sake zuwa ya sake dawowa, daga nan ya jingine babur ɗin a ƙarƙashin bishiyar bedi a tsakar gida. Firigon kuwa yana ta gurnani dare da rana, yana ƙara daskarar da abin da ya riga ya daskare. Ledoji suka kumbura suka fashe, zoɓo ya tsiyaya ya haɗe da ruwa, komai ya zama dutse guda mai jan ratsi.

Na ce masa, “Maigida, a kashe shi mana ya huta, ya narke, in wanke shi. In zafi ya zo sai a tayar.”

Ya dube ni kamar na ce a zubar da hatsi. “A kashe? Wannan duka ta bi ƙasa? Ke ce fa kika ɗebo ruwan nan a ka daga famfo.”

“Ni na ɗebo, ni kuma na ce a zubar.”

Inna tana jin mu daga inuwar zana. Ta ce, “Ɗiyata, almubazzaranci ba kyau. Abin da mutane ke layi a kansa, shi za a zuba wa kaji?”

Raina ya ɓaci. Su biyun ba wawaye ba ne. Mutum ya girma bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai wadda ke faɗowa da hadari ta kakkarya gero, ko wadda aka kawo daga birni a buhu, rabinta ya tsiyaye a hanya. Yaya za ka ce masa ya zauna ya zuba ido ta narke da gangan? Ban da wannan, mijina yana tsoron inji. Gani yake in ya kwanta ba lalle ya tashi ba.

Da sanyin ya yi tsanani, ƙanƙarar ta hau har kan 'yar hanyar da gilasan ke zamewa, ta cike ta. Murfin ya ƙi motsi. Muna hangen kayan ta gilashi, ba damar taɓawa.

Ana cikin haka aka yi wa maƙwabcinmu haihuwa, ya aiko cewa ranar suna yana son zoɓo mai sanyi saboda baƙin da za su zo daga Magariya. Shi ne mai saye na farko tun shigowar sanyi. Da hantsi mijina ya tsaya kan firigon yana tura murfi da tafin hannu, yana bubbuga gefe. Na ce a zuba ruwan ɗumi a kan hanyar gilashin, ko a tura babur ɗin rana a cire wayar firigon a jira azahar. Ya ce ruwan ɗumi zai fasa gilashi, rana kuma za ta narkar da kaya. Ya shiga ɗaki ya fito da wuƙar da yake yankan layya.

A hankali ya yi aikin, wannan kam ba zan ɗauke masa ba. Yana sassaƙa da tsinin wuƙar, Inna tana tare ɓarɓashin da kwanon sha don kada ko ɗaya ya faɗi ƙasa. Can sai murfin ya yi ƙara ya zame. Ya yi dariya, ya waiwayo ya ce min, “Kin gani?” Ya ɓamɓaro ledojin da ba su fashe ba, ya cika bokiti.

Da a nan ya tsaya, da yau wani labarin nake rubutawa. Amma ƙanƙarar bangon ta fara ɓallowa fale-fale, manya, farare, gwanin sha'awa. Ya ce bari ya rage mata kauri, a kai gidan suna kyauta. Ya zura hannu ciki har kafaɗa, ya sa wuƙar tsakanin ƙanƙara da bango, ya danna.

Sai muka ji huci, siriri, kamar tayar babur ta taka ƙaya. Wani farin tururi ya fito, da wari irin na asibiti. Ya toshe wurin da babban yatsa. Ya ce in miƙo sabulu. Kafin ya tafi Aljeriya ya yi kabu-kabu da babur, kuma haka suke liƙe tankin mai in ya huje, su murza sabulu su cusa. Ya cusa, ya danna, hucin ya tsaya. Wataƙila dai abin da ke ciki ne ya ƙare. Injin bai daina gurnani ba, don haka Inna ta ce alhamdu lillahi, ta ɗauki kwanonta ta koma inuwa.

Kafin magariba ruwa ya fara ɗiga daga ƙasan bodi. Ya ƙi kashe injin, wai ko sanyin zai dawo. Washegari tsakar gidanmu ta yi ja da zoɓo, kaji suna ta tsattsaga a ciki. Abin da aka ƙi zubarwa ya zube duka. Na faɗa masa haka a gaban uwarsa, ban rage murya ba. Yana tsugune yana wanke wuƙar da toka.

Mai gyara a Magariya bai ɗauki lokaci ba. Ya ce bututun iskar sanyin a cikin bango yake, siriri ne, kuma da aka bar injin yana aiki ya zuƙi ruwa ta hujin, ya lalace. Sai dai sabon inji daga Damagaram ko Kano, shi ma ba tabbas liƙin zai riƙe. Kuɗin da ya faɗa ba mu da shi, ba mu da kuma abin da za mu sayar ya kai.

Ya gwada dako da babur ɗin. Ya sauke firigon a zaure, ya riƙa ɗaukar buhuna da awaki zuwa kasuwa. Masu amalanke sun fi shi araha, mai kuma ya yi tsada. Rumbu yana ta yin ƙasa, don daminar ba ta yi kyau ba. Na ga ya koma zaman bakin masallaci har bayan an watse, tare da samarin da ke ƙus-ƙus. Ranar da aka zo aka kwance farantan sola aka ɗora wa jaki, ban tambaye shi komai ba. Bayan su babur ɗin ya bi.

Ni ya gaya wa, bai iya gaya wa Inna ba. Ina tankaɗe ya tsaya a kaina ya ce, “Shekara ɗaya ce. In samu kuɗin inji in dawo.”

Na ce, “Alkawarin fa?”

“Ki faɗa mata na tafi Kano neman inji.”

“Ba ni za ka bar wa ƙaryarka ba. Ga ta can, je ka faɗa mata da bakinka.”

Ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ya daɗe, ya tashi bai ce komai ba sai sallama. Ta gane. Ranar ba ta ci abinci ba.

Ya kira daga Agadas, muryarsa a dushe, tarin ya dawo. Ya sake kira daga wani wuri da ya ce kusa da iyaka ne, ya ce za su shiga mota, akwai tafiyar ƙafa a gaba, in sun tsallaka zai neme ni. Bai nema ba. Lambar ta daina shiga. Duk wanda na ji an koro daga Aljeriya ko ya dawo da kansa, a Dungas ko a ƙauyukan kewaye, sai na sa mayafi na je. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a wurin gini. Wani ya ce motarsu ta lalace a hanya, mutane suka rarrabu. Wani ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri, bai san shi ba. Ba gawa, ba saƙo. Ban yi takaba ba, ban kuma san ko matar aure ce ni ba. Wannan rashin sanin ya fi komai cin raina, kuma har yau ina jin haushinsa, ina jin kewarsa, ban san wanne ya fi yawa ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce. Mahaifina ya zo da kansa, ya zauna a zaure, ya sa aka kira ni. Ya ce ya yi magana da malamai, akwai hanyar da alƙali zai raba auren wanda ya ɓata, in koma gida da yarana, shekaruna ba su wuce ba. Na ce to, Baba. Gaskiya ya faɗa, kuma na gaji.

Na shiga na fara haɗa kwanoni a buhu. Inna ta dafa bango ta zo bakin ƙofa, don idonta ya yi rauni sosai. Ba ta hana ni ba. Ta saurari ƙarar kwanonin na ɗan lokaci, sannan ta ce, “Ɗiyata, muddin ina jin dakanki a gidan nan, cewa nake yaron nan tafiya ya yi. In kin fita, to ya mutu ke nan.”

Baba yana zaure yana jira. Na aika 'yata ta ce masa ya tafi, zan zo bayan girbi. An yi girbin, an yi wani, ina nan.